Jan Kumatun Sabriyya

Balat, 9 ga Satumba, 1978

Zuwa ga Yaya Bahiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa da barka da shan ruwa, da fatan kina lafiya, ke da aikin asibiti da iskar tekun Iskandariyya. Mu nan ƙalau. Umma na gaishe ki, gwiwarta ta yi sauƙi. Dabino ya yi kyau bana, nan da mako uku za mu fara yanka.

To ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Sabriyya na da ciki, wata shida! Umma ce ta hana a faɗa wa kowa, har ke, saboda bakin mutane. Shekara takwas da aurenmu, Yaya. Har na daina tsayawa inda yara ke wasa.

Da ma kina nan ki gan ta. Kin san 'yar kawun nan tamu, tun tana yarinya kamar sillen kara take. Yanzu kumatunta sun yi jajur kamar rumman, ba ta shafa komai ba. Matan unguwa na zuwa kallo. Ƙafafunta sun cika har takalmi ya ƙi shiga, nawa take sawa tana jan su a tsakar gida. Umma ta ce, “Ƙyale ta, namiji ne, shi ke cika uwarsa haka.” Kullum sai ta ciro mata tsohon cuku daga tulu, da zaitun mai gishiri, don shi kaɗai take marmari.

Sai dai ciki ya koya mata mulki. Ba ta kwanciya kamar mutane, sai an jera mata matasai uku ta jingina kamar matar basarake. Hawa soro kuwa sai ta huta sau biyu a matakala. Jiya na ce mata, “Ranki ya daɗe, ko a kawo raƙumi ya hau da ke?” Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Tarin nan ya ɗan dame ta kwana biyu, amma ai ƙurar masussuka ce.

Ki aiko mana da yadi mai laushi irin na birni, na kayan jariri. Umma ta ce kada ki sayi ja.

Ƙanenki,
Radwan

Iskandariyya, 21 ga Satumba

Radwan,

Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Ka gaishe da Umma. Na yi kuka don murna da na ga layin farko. Da na kai ƙarshe sai na koma farko, na karanta sau uku a tsaye.

Ka ajiye raha ka saurare ni. Ka tuna shekarar da Sabriyya ta kwanta da zazzaɓi tana 'yar shekara tara, gaɓoɓinta suka kumbura, ciwon na tashi daga gwiwa ya koma gwiwar hannu? Ni na yi jinyarta. Irin wannan zazzaɓin yakan tafi ya bar tabo a zuciya. Akwai wata ƙofa a cikin zuciya da jini ke bi, tabon yana ƙuntata ta a hankali. Kai manomi ne: in ciyawa ta toshe bakin hanyar ruwa, ina ruwan ke zuwa? Baya yake komawa, ya cika, ya malala inda ba a so. Haka jini ke yi. Ciki yana ƙara wa mace jini, ƙofar kuma ba ta ƙara faɗi. Sai ya taru a huhu, ya taru a ƙafafu, ya taru a fuska. Jan kumatun da kuke kallo ba lafiya ba ne. Shekara goma sha huɗu ina ɗakin haihuwa, na ga irinsa, kuma ba na son tuna inda na gan shi.

Ba mulki ke hana ta kwanciya ba. Jini ne ya yi mata yawa a ƙirji, in ta miƙe sai ta ji kamar tana nutsewa. Ka danna yatsa a ƙaurinta, in ramin ya tsaya bai cike ba, ka san gaskiya na faɗa.

A janye mata cuku da zaitun, a daina sa mata gishiri. Kada ta ƙara hawa soro. Ka kai ta Asyut wurin likitan zuciya, kada ka tsaya jiran dabino. Watanni biyu masu zuwa su ne mafi haɗari.

Me ya sa kuka ɓoye mini? Da an tambaye ni tun farko, da ban bari ta ɗauki cikin nan haka ba.

Ka ba ni amsa da motar farko.

Bahiyya

Balat, 4 ga Oktoba

Yaya,

Muna lafiya, da fatan haka gare ki. Yadin ya iso, an gode.

Wasiƙarki ta same mu gida cike da mata, sun zo taya Umma ɗinkin buhuna. Na ɗauka barka ce, na buɗe na hau karantawa da ƙarfi. Kafin in gane inda kika dosa na riga na kai tsakiya, Umma kuma ta ce in ƙarasa. Da na zo kan layin nan, cewa da an tambaye ki da ba ki bari ta ɗauki cikin ba, sai Sabriyya ta tashi ta shige ɗaka.

Umma ta ce, “Ita ce ke ba da ciki, da za a tambaye ta? Wadda ba ta taɓa naƙuda ba za ta koya mini kumburin ƙafa? Takwas na haifa!” Ban so rubuta miki wannan ba, amma ke ma ba ki tauna taki ba kafin ki aiko. Shekara takwas muna roƙo, Allah Ya ba mu, sai yayata ta ce da ba a ba mu ba. Na san abin da ya raba ki da gidan mijinki, na san yana miki ciwo. Amma ba Sabriyya ce ta jawo ba.

Duk da haka ban yi watsi da maganarki ba. Kin ce jini ya yi mata yawa. To na kira Hilmi wanzami ya yi mata ƙaho shida a baya. Ki ga abin da ya fito, baƙi ƙirin! Hilmi ya ce, “Ka gaya wa 'yar'uwarka ta san aikinta, ga mugun jinin nan mun raba ta da shi.” Ita ma da na tambaye ta ta ce ta ji sakayau. Na danna ƙafar kamar yadda kika ce, ramin ya tsaya, amma Umma ta ce na kowace mai ciki haka yake.

Asyut kuwa ba bayan gida ba ne. Yini guda a mota a kan wannan hanya, da tsohon ciki? Ga yankan dabino mun fara, ni kaɗai ne mai hawa. In mun gama, in ga hali, za mu duba.

Radwan

Iskandariyya, 15 ga Oktoba

Ƙanena,

Ina gaishe ku. Lafiyata ƙalau, barci ne dai babu.

Maganar Umma da taka na haɗiye, za mu yi ta wata rana. Ba cewa na yi kada ta haihu ba. Cewa na yi “haka”, wato ba tare da an duba zuciyarta an gyara ƙofar ba tukuna. Ka koma ka duba, kalmar tana nan.

Kuma ban ce a zubar mata da jini ba! Jininta ba mugu ba ne, hanya ya rasa. Ƙaho ba ya buɗe ƙofar zuciya. In ta ce ta ji sauƙi, don ta ga fuskarka ne. Kada Hilmi ya ƙara taɓa ta.

Na roƙi hutu an hana ni, mu biyu ne kacal a ɗakin haihuwa wannan watan. Don haka ka haddace wannan. In numfashinta ya sarƙe, ko ka ga kumfa mai ja-ja a tarinta, ka zaunar da ita a kujera, ƙafafu a ƙasa. Kada a kwantar da ita, ko wa ya ce, ko Umma ce. Kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo. Ka nemi mota a take, ta tafi a zaune. Ku tsaya asibitin Kharga su yi mata allurar fitsari su sa mata iska, sannan ku wuce Asyut.

Ka yi fushi da ni shekara goma in ka so. Ka dai kai ta.

Yayarka

Balat, 22 ga Oktoba

Yaya Bahiyya,

Ina gaishe ki da kyau. Ni ce Sabriyya. Ki yi haƙuri da rubutuna, tun aji huɗu rabona da alƙalami. Matar Usta Girgis mai motar dabino ta zo tare da shi, ita zan ba ta jefa a gidan waya a Asyut. Radwan bai sani ba.

Ban yi fushi da ke ba. Ranar da aka karanta wasiƙarki ba don haushi na tashi ba, don kin faɗi abin da nake ɓoyewa ne. Duk yadda kika ce haka yake. Ba na iya miƙewa. In na sunkuya ɗaukar tsintsiya sai garin ya juya. Zuciyata takan yi ta fizga kamar kaza a hannu. Shekaranjiya na yi tari a gyalena na ga ja. Na wanke kafin a gani.

Wasiƙarki ta biyu ta zo, bai buɗe ba. Ya soke ta bayan madubi, ya ce sai ya huce. Ina ganinta kullum, ina tsoron taɓawa.

Abin da ya hana ni magana shi ne, an ce in aka kai mai ciki asibitin birni da ciwon zuciya, cire cikin suke yi. Yaya, yana motsi. In na sha shayi har shura yake. Kin san yadda ake kallona a bukukuwa shekara takwas, kin fi kowa sani. Radwan yanzu yana waƙa a kan dabino, ana jinsa daga gida. Ta yaya zan ce masa ya sauko?

Ki gaya mini gaskiya, ke kaɗai nake yarda da ke. In na je za su bar mini shi? In kin ce za su bari, zan faɗa masa da bakina. In kuma abin ya zo da ƙarar kwana, ke nake so ki riƙe shi, ba wata ba.

Taki,
Sabriyya

Iskandariyya, 31 ga Oktoba

Radwan,

Ina fatan wannan ta same ku da rai da lafiya. Kwana goma sha shida ba amsa. Na buga telegiram sau biyu, shiru.

Ka gaya wa Sabriyya, da bakinka, yanzu: cikin wata bakwai ba a cire shi, lallaɓa shi ake yi har ya fito. Za su bar mata abinta. Ta san dalilin da ya sa na faɗi haka.

Na shiga wurin shugabarmu na ce ko ta ba ni hutu ko ta nemi wata. Ta ba ni. Jibi zan hau jirgin ƙasa. In na iso na tarar da yarinyar nan a jingine a ɗakin nan, a bayana zan goya ta zuwa bakin titi, kuma ina so in ga mai tare ni.

Bahiyya

Asyut, 31 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ki. Tana da rai, cikin ma yana nan. Na fara da wannan don na san shi idonki zai nema. Na buga miki telegiram ɗazu, ga cikakken bayani, don in na riƙe shi a cikina zai kashe ni.

Ranar Asabar da hantsi ina kan dabinon bayan gida na ji ihun mata. Ban san yadda na sauko ba, tafin hannuna duk ya saɓule. Na tarar da ita a tsakar gida inda suke tsince dabino a tabarma, ta dafa bango, bakinta a buɗe, leɓɓanta sun yi shuɗi. Ƙirjinta na ƙara kamar tukunya na tafasa. Da ta yi tari sai ga kumfa mai ja.

Umma na cewa, “Ku kwantar da ita! Ku kawo ruwa, ku kira Hilmi!” Har sun kama kafaɗunta. Sabriyya kuwa ta damƙe rigata, da ƙyar na ji abin da take faɗa: “Madubi. Wasiƙar Yaya.”

Kwanaki tana bayan madubin nan ban buɗe ba. Telegiram ɗinki na farko ma na karɓa, na sa a aljihu. A tsaye na yage ambulan na karanta. Na fito da kujera na ɗora ta, na sauke ƙafafunta. Umma ta ce, “Ka haukace? Mutum na mutuwa ka zaunar da shi kamar baƙo?” Na ce, “Umma, duk wadda ta taɓa ta, ni da ita ne.” Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta saki kofin ruwan ya faɗi.

Allah Ya sa motar Usta Girgis na bakin masallaci, an yi rabin lodi. Da ya leƙo ya gan ta bai tambayi komai ba, ya ce wa masu lodi, “Ku bar sauran a ƙasa.” Muka sa ta a gaba, jikin taga. Ya ce mini, “Kai riƙe ta, ni in riƙe hanya. Ka yi naka salatin, in yi tawa addu'ar ta coci.”

Duk ramin da muka faɗa sai in ji numfashinta ya tsaya, in yi ta kiran sunanta har ya dawo. A Kharga aka yi mata allura aka sa mata iska, bayan awa biyu ta iya cewa, “Yana motsi.” Likitan ya ce mu wuce, abin ya fi ƙarfin wurinsu. A hawan dutsen bayan Kharga mota ta yi zafi ta tsaya, tururi na tashi, ba gida gaba ba gida baya. Girgis ya juye ruwan shanmu duka a injin. Na ce, “In ta ƙi tashi fa?” Ya ce, “Rufe mana baki.” Ta tashi.

A nan Asyut likitan zuciya ya daɗe yana saurarar ƙirjinta. Da ya ɗaga rigarta ya ga shaidar ƙaho, sai ya dube ni. Gara da ya mare ni. Sannan ya ce, “Wa ya ce ka kawo ta a zaune?” Na ce yayata, ungozoma ce. Ya ce, “In ka gan ta ka sumbaci hannunta. Da a kwance ta taho, da ba nan kuka nufa ba.”

Ya ce ba za ta bar gadon nan ba sai ta haihu, kuma haihuwar ita ce babban tsallake. Bai yi mini alkawarin kowa ba, ko ita ko ɗan.

Na sake karanta wasiƙarki ta farko a barandar asibiti. Na ga kalmar. Abin da na rubuta miki game da gidan mijinki, ban san da wane baki zan nemi gafara ba. Ba na cewa ki zo don ni.

Radwan

Asyut, 19 ga Nuwamba

Zuwa ga Umma,

Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da barka da Sallah, ko da yake mu a barandar asibiti muka yi tamu. Ina fatan gwiwa ta lafa. Na roƙi Malam Abdulbasit na makaranta ya karanta miki wannan a hankali.

Telegiram ɗin Radwan ya same ni a bakin ƙofa da jaka a hannu, shi ya sa na sauka a Asyut ban ƙaraso gida ba. Tun ranar ina gefen gadonta.

Ranar Alhamis bayan azahar Sabriyya ta haihu. Mace ce. Naƙudar ta zo da saura wata guda. A jingine ta haihu, da robar iska a hanci, likita biyu a kanta, ni ina riƙe da kanta ina ce mata kada ta yi nishi, mu za mu yi mata. Da 'yar ta fito ba ta yi kuka ba. Na karɓe ta da hannuna, na share mata baki, na yi ta murza bayanta. Na karɓi haihuwa ta fi dubu, Umma, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Can sai ta yi ɗan ƙara kamar 'yar kyanwa. Sabriyya ta ce, “Yaya, nawa ne ke kuka?” Na ce, “Taki ce, yi shiru ki ja numfashi.”

Bayan awa ɗaya ƙirjin ya sake cika, muka kusa rasa ta. Ba zan ba ki labarin wannan ba. Ya wuce. Yau kwana uku, kumburin yana saɓewa, ta sha romo, ta ba da nono. 'Yar ƙarama ce ƙwarai, amma tana kama nono da ƙarfi.

Saura magana biyu, gara ki ji daga bakina. Ta farko, nan da wata uku za a kai ta Alƙahira a buɗe ƙofar zuciyar, kuma aiki ne mai haɗari. Ta biyu, likita ya ce ko an yi aikin, kada ta sake ɗaukar ciki sai ya yarda, mai yiwuwa kuma ba zai taɓa yarda ba. Radwan ya ji, ya ce wannan ɗin ta ishe shi. Ina roƙonki kada kowa ya yi mata addu'ar ƙane a gabanta, ko da wasa.

Radwan ya ce tun ranar da suka taho ba kya cin abinci, kina cewa ke kika kashe ta da cuku. Ba ki kashe kowa ba. Abin da kika sani kika yi, da hannun da kika raine mu. Ni ma da na iya bakina da ba a ɓata wata guda ba.

Sabriyya ta hana a yi wa jaririyar wankan kirki. Ma'aikata sun yi magana, ni ma na yi, ta ce a goge ta da tsumma kawai, wankan farko na kakarta ne. Ta kafe, kuma likita ya hana a ɓata mata rai.

Usta Girgis zai zo ɗaukar ragowar dabino ranar Laraba, ya ce zai ajiye miki kujerar gaba. Na san shekara sittin da biyar ba ki taɓa wuce Kharga ba, na san kin rantse ba za ki hau wannan dutsen a cikin ƙarfe ba. Ki ɗauko sabulunki da ƙaramin tawul. Jikarki na nan tana jira da dauɗarta.

'Yarki,
Bahiyya